Kalmomi Shida da Rigunan Baba

Ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Anti da yara. Ya jikin Baba? Ni ƙalau nake, in ban da ƙafafu da suka kumbura don tsayuwa, da kai da ya cika da yaren mutane. Kamar kullum, in hoton wasiƙar nan ya shigo wayarka ka fitar da ita a takarda, ka sa a ambulan kafin ka kai masa. Mutumin da ya yi shekara talatin a gidan waya ba zai karɓi wasiƙa tsirara ba. Ka zauna ta wajen kunnensa na dama, ka ɗaga murya.

Baba, ina gaisuwa. Ga abin da na yi sati biyu ina ɓoyewa: na faɗi jarrabawar Jamusanci. Ta rubutu na ci, ta baki ce ta kayar da ni. An ba ni dama ɗaya tak, nan da sati goma. In na sake faɗuwa asibitin nan zai sallame ni, in tattaro komatsaina in dawo, wahalar shekara biyu ta tashi a banza.

Bari ku ji yadda aka yi. Wata mata aka zaunar a gabana, ta yi kamar mai ciwon suga da ba ta son allura, aka ce in yi mata bayani. Ni kuwa na gyara zama na fara: dole ki yi allura, dole ki bar zaƙi, dole ki dawo bayan sati biyu. Minti goma ina zuba, ko tuntuɓe ban yi ba. Da na gama har ina jin kaina. Sai mai jarrabawar ya cire tabarau ya ce kalmomina ba laifi, amma ko sau ɗaya ban tambayi matar komai ba, ban ma san abin da ya sa take tsoron allurar ba. Ni fa! Ni da na yi shekara goma sha bakwai ana ce mini Sista, in na shigo ɗaki har masu jinya sai sun gyara zama.

Yanzu kullum in na tashi aiki sai aji. Malamarmu, wata doguwa mai haƙurin da har haushi yake ba ni, ta rubuta kalmomi shida a allo, ta ce duk maganar asibiti a cikinsu take. Können, iyawa. Müssen, dole. Dürfen, izini. Sollen, abin da likita ya ce a yi. Wollen, abin da mutum ya nufa. Möchten, abin da ransa yake so. Wai ni guda ɗaya na ɗauko a ciki na riƙe kamar sanda ina kora mutane da ita. Na rubuta su na liƙa a madubin banɗaki, ina goge baki ina kallonsu.

A asibitin kuwa, sai na ci jarrabawar za a bar ni in ba da ko ƙwayar ciwon kai. Wanka nake yi wa tsofaffi, in canza zanin gado, in kai abinci. Kuma ko hannun mutum zan kama sai na ce “Darf ich?”, wato ka ba ni izini? Sau ɗari a wuni. Wallahi na gaji, Baba. Ka sa ni a addu'a.

Yaya, daga nan naka ne, kada ka karanta masa. In na kira ka a waya ba abin da nake samu sai lafiya lau, lafiya lau, shi ya sa na rubuto. Hoton da ka turo na Baba a ƙofar ɗaki, agogonsa ya zamo har bayan hannu. Da can madaurin nan har shata yake yi masa. Rigar dai ta zauna masa daidai, ita ce ta ɗan kwantar mini da hankali. Amma ka faɗa mini, yana cin abinci kuwa?

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Antinki da yara suna gaishe ki. Shago yana nan, keken ɗinki yana ta cin bayana.

Na karanta wa Baba wasiƙarki. Da na zo wurin dole-dolen nan dariya ya yi har ta sarƙe shi, ya ce in maimaita. Ya ce shi bai yi mamaki ba ko kaɗan, wai tun kina 'yar shekara biyar kike jera 'yan tsana a tsakar gida kina ba su magani da tsawa. Ya sa na karanta masa kalmomin shida, ni kuwa na karanta yadda bakina ya ga dama. Yanzu in Antinki ta kawo masa shayi sai ya ɗaga kofin ya dube ta ya ce, “Dafis?”, wato “Darf ich” ɗin nan naki. Ita kuma ta ce an ba ka izini, Baba. Kin kawo mana sabon aiki a gida.

Maganar agogo, ke dai Sista ba kya hutawa. Madaurin ne ya saki, ai agogon nan ya kusa girmarki. Olsa ce take ɗan damunsa, mun je asibiti an ba shi magani, abinci ne dai bai cika ci ba. Ba ke da kanki kika ce rigar ta zauna masa ba? To sai me kuma?

Ki ji da kalmominki kawai. Su ma mutanen naku akwai neman wahala. Mutum ya kawo kansa asibiti da ƙafarsa, kuma sai an tsaya ana tambayarsa ko yana son magani? Amma tunda abin da suke so ke nan, ki ba su abinsu ki karɓi takardarki. Kin sha wahala da yawa, ba za ki dawo mana hannu biyu ba. Baba ya ce a faɗa miki yana yi miki addu'a bayan kowace salla, kuma ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan filo in kin dawo aiki.

Yayanki

Ranar Asabar

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa lafiya. Ƙafafu sun ɗan saɓe, filon Baba ya yi aiki. Na ji daɗi da ya yi dariya, ko da ni ake yi wa. Ka ce masa 'yan tsanar nan dai duk sun warke a hannuna.

Abin da na gani shekaranjiya ya tsaya mini a rai. Akwai wani tsoho a gado na huɗu, da can direban jirgin ƙasa ne, ni nake yi masa wanka. Ciwon daji ne a huhunsa. Ina tsaye ina gyara labule likita ta shigo, ta ja kujera ta zauna, ta tambaye shi ko yana so ya ji abin da hoto ya nuna. Ya ce yana so. Ta faɗa masa tas, ba kwana-kwana. Ta ce akwai maganin da zai iya ƙara masa watanni, amma yana wahalarwa ƙwarai. Sannan ta ce, “Me kake so a yi?” Ta ja bakinta ta yi shiru. Yaya, shirun nan ya yi tsawo har na ji kamar in yi magana a madadinta. Can ya ce ba ya son maganin. Ta rubuta, ta riƙe hannunsa kaɗan, ta fita.

Raina ya ɓaci. Da na zo shafa masa mai a baya ban san sanda na ce masa “Sie müssen” ba, dole ka karɓi maganin nan. Ya juyo ya dube ni, ya ce, “'Yata, ni yanzu ba abin da ya zama mini dole.” Ya ce in taimakonsa nake so in yi, in juya masa gadon ya fuskanci taga, daga nan ana hango layin dogo. Na juya masa. Shugabar ɗakinmu ta ji abin da na faɗa, ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in sake.

Ni dai har yanzu gani nake rashin tausayi ne. Ya za a dubi tsabar idon tsoho a ce masa lokacinka ya matso? Mu a namu aikin 'ya'ya muke kira baranda mu faɗa musu, shi kuma mu ce masa jiki da sauƙi. Na faɗa wa Malama haka a aji, da guntun Jamusancina. Ta ce, “To ciwon a jikin wa yake?” 

Ka gaishe mini da Baba. Wane magani aka ba shi na olsar? Rubuto mini sunansa.

Auta

Ranar Alhamis

Yaya,

Ina fatan lafiya, don ni kam ban sani ba. Yau kwana goma sha tara ba amsa. In na kira sai ka ce kana da mutane a shago, in na sake kira ka ce kana kan hanya.

Jiya Anti ta turo mini bidiyon Baba yana shan shayi, don ta faranta mini. Na tsayar da shi na zuba wa tagar da ke bayansa ido. Kwalin maganin da ke kan tagar nan na san shi kamar yunwar cikina, da hannuna na sha ba da shi. Ba a ba mai olsa wannan. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ake ba.

Ni za ka yi wa haka, Yaya? Ni? Kada ka kira ni, muryarka ta iya ƙarya. Ka rubuto.

Auta

Ranar Juma'a

Auta,

Muna nan. Ba zan ja gaisuwa ba tunda kin kama ni.

Ciwon daji ne a cikinsa, ya taɓa hanta. Wata uku ke nan. Likita ya kira ni baranda, kamar yadda kika ce kuna yi, ya faɗa mini. Na kama hannunsa na roƙe shi kada Baba ya ji. Ke ma na ce ba za ki ji ba sai kin gama da jarrabawa.

Kin ce rigar ta zauna masa. Ta zauna mana, ai ni nake zaunar da ita. Duk sanda ya kwanta bayan azahar sai in ɗauki riga ɗaya ko biyu in kai shago, in rage faɗin yatsa ta kowane gefe, in goge, in mayar kafin ya tashi. Riga shida, wando huɗu. Sau uku ke nan ina zagayo su. Ba na yanke yadin, ninke shi nake yi ta ciki, hannuna ya ƙi ɗaukar almakashi. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin kansa sosai a madubi, amma na san in ya ji riga tana yawo a jikinsa zai gane. Agogon ne kawai ban tuna da shi ba, ni ba mai gyaran agogo ba ne.

Wasiƙarki ta tsohon direba kuwa, na fara karanta masa, ina kaiwa inda likita ta ja kujera na dakata. Na tsallake, na ƙirƙiro wai kin ce ana ta ruwan sama a wajenku. Tun ranar na kasa ɗaukar biro.

An fara sa masa wani ruwan magani mai ƙarfi ta jijiya, duk bayan sati uku. Na ce masa na ƙarin ƙarfi ne. Bayan na farkon kwana huɗu ya yi yana amai, ni nake riƙe masa roba, yana cewa wannan wane irin ƙarin ƙarfi ne. Na biyu ranar Alhamis ta sama ne. Likita bai ce zai warke ba, ya ce watakila a ƙara 'yan watanni. Ko kwana ɗaya ne ni ina so.

Saboda haka ki saurara. Dole ya yi, ke kuma dole ki zauna inda kike ki ci jarrabawarki. Kada in ji kin ce za ki taho. Ni ne babba, na riga na ɗauka. Na gaji, Auta, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Kada ki ƙara mini da faɗa.

Yayanki

Ranar Litinin

Yaya,

Sannu. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka. Ina fatan bayan naka da sauƙi. Ni lafiyata lau, kuka dai na sha har na gode Allah.

Ranar da na karanta wasiƙarka na jawo jaka daga ƙarƙashin gado na cika ta. Sannan na zauna na rubuto maka shafi biyu: dole ka canza likita, dole ka auna nauyinsa, dole kaza, dole kaza. Da na sake karantawa sai na ga Sista ce tsaf ta dawo da sandarta. Na yaga.

Ba zan yi maka faɗa ba. Da wane bakin? Abin da kake yi da zare da allura, ni shekara goma sha bakwai na yi ina yin sa da baki, kuma na fi ka iyawa. Amma bari in faɗa maka abin da na gani a gado na huɗu cikin makonnin nan. 'Yarsa tana zuwa kullum da yamma. Ya faɗa mata wanda za a ba hularsa ta aiki. Ya sa an kira ƙanensa da suka yi shekara tara ba sa magana, suka zauna suna gardama a kan wanda ya fara laifi har suka yi dariya. In jirgi ya wuce sai ya duba agogo ya ce wannan ya makara da minti biyu. Da an ce masa jiki da sauƙi, duk wannan ba ɗaya da zai yi, sai ya kwanta yana jiran sauƙin.

Kai ka yanke, likita ya yanke, ni ma ga shi na haɗa jaka na yanke. Akwai wanda ya tambayi Baba?

Ban ce ka je ka zuba masa magana a ka ba. Ga yadda Malama ta koya mana, sati biyar ina haddacewa, ashe a gidanmu za a fara bukatarsa. Ka zauna, kada ka tsaya a kansa. Ka fara neman izini: Baba, ka yarda in yi maka wata tambaya? Sai ka ce: kana so ka san abin da likita ya gani, ko ka fi so mu riƙe maka? In ya ce ku riƙe, shi ke nan, ka ci gaba da ɗinkinka, ba zan ƙara cewa uffan ba. In ya ce yana so, ka faɗa masa a taƙaice. Sannan ka ce, me kake so a yi? Daga nan ka yi shiru. Nan ne wurin wuya. Ka ƙirga ashirin a zuciyarka, kada ka cike masa shirun da a yi haƙuri ko za a samu sauƙi.

Ka tambaye shi har da maganata. In ya ce in taho, ranar zan bar musu jarrabawarsu. Jakar tana nan a bakin ƙofa ban kwance ba.

Roƙonka nake yi, Yaya, kafin Alhamis ɗin nan.

Auta

Ranar Asabar

Auta,

Gaisuwa. Antinki da yara lafiya. Baba yana nan, yau ya sha shayi rabin kofi.

Sai da na yi kwana biyu ina jin haushinki. Na ce yarinyar nan ta je ta koyo taurin zuciya, tana can nesa tana ba ni aikin da ita ba za ta iya ba. Ranar Laraba bayan azahar na shiga ɗakinsa zan ɗauki farar rigar nan mai aljihu biyu, zagaye na huɗu. Na ɗauka barci yake. Ina kai hannu na ɗauko ta sai na zauna a bakin gado da rigar a cinyata.

Na ce, “Baba, ka yarda in yi maka wata tambaya?”

Bai buɗe ido ba ya ce, “Dafis?”

Na ce, “Kana so ka san abin da likita ya gani, ko ka fi so mu riƙe maka?”

Ya ce, “Tela, ajiye rigar nan tukuna. Ka ɗauka ban san ɗinkinka ba? Kai kaɗai ne kake komawa kan zare sau uku a hammata. Tun zagayen farko na ji ninki yana gogar haƙarƙarina. Na ce ikon Allah, riga tana ƙanƙancewa tana ƙara kauri. Kuma in kana karanta mini wasiƙa ina jin inda kake tsallakewa, numfashinka canzawa yake yi.”

Na ce to me ya hana shi magana. Ya ce, “Na ga kana shan wahala kana ɓoye mini. Na ce in na nuna na sani sai ka rasa abin riƙewa, shi ne na taya ka ɓoyewa. Amma kai da kowane baƙo in ya kawo yadi sai ka tambaye shi irin ɗinkin da yake so, ni ban kai a tambaye ni ba?”

Na faɗa masa sunan ciwon da inda ya kai. Na ce me kake so a yi. Na fara ƙirgen da kika ce, ban kai bakwai ba kuka ya ƙwace mini. Shi ne ya dafa kaina, ni da na kusa samun jikoki.

Ba ya son ruwan maganin nan, ya ce ya ɗanɗana ya ishe shi. A ba shi na rage zafi kawai, a bar shi a ɗakinsa. Na yi gardama, ya ce ai tambayarsa na yi. Ranar Alhamis na je na faɗa wa likita, ban kai shi ba. Ya sa na karanta masa wasiƙar tsohon direba daga farko har ƙarshe. Sannan ya ce in warware farar rigar in mayar da ita yadda take, wai yana so ya san iya abin da ya rage nasa. Na warware. Auta, mutum biyu za su shiga rigar nan. Ita yake sawa yanzu.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa haka na rubuta:

“Auta, ubanki ne. An ce kin haɗa jaka. Ki kwance ta. Ban ce dole ba, na ji an hana ku faɗin wannan. So nake ki shiga jarrabawar nan ki fito, in ji labari a takarda, cikin ambulan. In na kai zuwanki, alhamdu lillahi. In ban kai ba, ni na zaɓa, ba ke ba. Wata uku kowa yana yi mini abin da ya ga ya dace, sai yanzu aka tambaye ni. Allah ya yi miki albarka.”

Yayanki

Ranar Litinin

Yaya, ka sa a ambulan yanzu-yanzu, kada ka jira yamma.

Baba, ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Yau na shiga jarrabawar. Wani mutum aka zaunar mini, wai mai ciwon zuciya da ya ƙi yarda a yi masa aiki. Dole ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta. Na nemi izini na zauna. Na tambaye shi abin da yake tsoro, na yi shiru ina ƙirge. Ina kan sha huɗu ya ce matarsa a ɗakin tiyata ta rasu. Na faɗa masa abin da likita ya ba da shawara, da abin da zai iya faruwa in bai yi ba, na tambaye shi me yake so. Hawaye suka zubo mini a gabansu, ban san ko an rage mini maki ba.

Na ci, Baba. Mai tabarau ɗin nan ne da kansa ya faɗa mini. Malama ta rungume ni a bakin ƙofa. Tsohon gado na huɗu bai ji ba, ya rasu makon jiya, gadonsa yana kallon taga.

An ba ni hutun sati biyu. Ranar Juma'a da hantsi zan sauka in sha Allah. Ina so ka jira ni.

Autarka

Ranar Laraba

Auta,

Na kira ki ɗazu kin ji daga bakina, amma na kasa faɗin sauran, kin san ni da waya. Ga shi a rubuce.

Ya ji. Ranar Litinin ɗin na rufe shago na kawo masa wasiƙarki a ambulan. Ya juya ta a hannu, ya shafa bakinta, ya ce ban liƙe da kyau ba. Yana zaune a ƙofar ɗaki cikin farar rigar. Na karanta masa, ya ce in sake, kuma kada in tsallake ko layi ɗaya. Ban tsallake ba. Da na zo wurin da kika ce kina so ya jira ki, ya yi shiru ya daɗe. Na bar shi, ban cike masa ba. Can ya ce, “Ka ce mata ni ma ina so. Iyawar ce ban sani ba.” Ya sa wasiƙar a aljihun rigar.

Jiya bai tashi daga gado ba. Yau da safe, Antinki tana riƙe da hannunsa ni ina ta wajen kunnensa na dama, Allah ya karɓi abinsa. Bai wahala ba. Mun kai shi bayan azahar. Ni na ɗinka likkafanin, ban bari kowa ya taɓa ba.

Na san abin da za ki ɗora wa kanki. Ki tuna abin da ya ce, shi ya zaɓa. Ni ma ina ta lissafin ko da an sa masa ruwan nan da ya kai Juma'a. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma makonni ukun nan ya yi hira da ni irin wadda bai taɓa yi ba tun ina yaro.

Ki taho dai ranar Juma'ar, zan je in tarye ki. Agogon ya ce naki ne. Farar rigar na rataye ta da wasiƙarki a aljihu. Sauran riguna biyar ɗin suna gabana a kan keke, da ninkinsu a ciki. Tun da muka dawo nake zaune da su, na kasa warwarewa, na kuma kasa bayarwa a haka. Ba zan taɓa su ba sai kin zo.

Ke me kike so a yi da su?

Yayanki